Yadda Za Ka Bambance Reshen Al'ada da Kishiyar Al'ada a Cikin Gari

Wanda ya taka da ƙafa daga Babbar Kasuwar Maradi zuwa unguwar Zariya zai wuce jama'a iri-iri waɗanda kowaccensu ke da yarenta da shigarta da dokokinta: mahauta, ƴan kabu-kabu, almajirai, alhazan fatauci, da samarin fada, wato majalisar hira ta matasa, da ke kewaye da butar shayi. Masana zamantakewa sun kasa irin waɗannan rukunoni gida biyu. Akwai wanda ya bambanta da sauran jama'a a wasu halaye amma yana riƙe da tushen da kowa ke riƙe da shi, shi ne zan kira reshen al'ada. Akwai kuma wanda ya fito fili ya ce tushen kansa yana da gyara, ko ma a tumɓuke shi, shi ne zan kira kishiyar al'ada. Wani masani Ba'amurke, Milton Yinger, ya ja hankali kan wannan bambanci tun 1960, amma ba sai ka je Amurka ba kafin ka gan shi. Na damu da batun ne saboda na ga iyaye sun kori ɗa daga gida don askin kansa kaɗai, na kuma ga an yi sakaci da wanda tufafinsa ba su canza ba alhali zuciyarsa ta daɗe da barin hanyar gidansu.

Ka fara da tantance uwar al'adar da kake aunawa da ita, domin ba a sanin reshe sai an san itacen. A Maradi ta yau, abin da akasarin mutane suka haɗu a kai bai wuce Musulunci, girmama na gaba, aure, zumunci, kunya da neman na kai ba. Rubuta waɗannan a gabanka kafin ka yanke wa kowa hukunci. Ka kuma tuna cewa ma'aunin yana bin wuri: Bahaushen da ke zangon Kumasi a Ghana, da harshensa da tuwonsa da sarkin zangonsa, reshe ne a cikin al'adar Asante, alhali da zarar ya sauka tashar Maradi ya koma cikin mafi rinjaye.

Bayan haka sai ka kawar da ido daga shiga, ka buɗe kunne. Nan ne mafi yawanmu ke tuntuɓe, ni ma na taɓa yi. Wasu shekaru da suka wuce samari suka kafa fada a jikin katangar gidana, suka rubuta sunanta da fenti, suka kawo benci biyu da kurfoti da rediyo mai ƙara. Ɗayansu ya tara gashi, wani wandonsa a yage da gangan, kuma ba sa tashi sai dare ya raba. Na kai ƙara wajen mai unguwa ina cewa ƴan iska sun mamaye mini ƙofa. Dattijon ya ce, “Malam, ka taɓa zama ka sha shayinsu?” Na je na zauna. Kafin a zuba na uku, wanda ya fi zaƙi, na ji suna lissafin kuɗin da kowa zai kawo don sunan ɗan abokinsu, jika biyu-biyu, na ji ana yi wa wani faɗa don ya ɗaga wa mahaifiyarsa murya, kuma da aka kira sallar isha'i sai aka sauke buta aka miƙe. Burinsu duka shi ne aiki, aure da ɗaki nasu. Fada irin wannan, wadda ta yawaita a biranen Nijar tun shekarun 1990 bayan Samariya, ƙungiyar matasa ta zamanin Shugaba Seyni Kunce, ta ja baya, reshe ce tsantsa. Samarin suna son abin da iyayensu ke so, rashin aiki ne ya zaunar da su a benci. Na ji kunyar ƙarar da na kai, na koma na janye ta.

Tambayar da ta fi kowacce rarrabewa ita ce: me rukunin ke cewa game da waɗanda ba sa cikinsa? Mahauci yana da kalmomin da mai saye ba ya ganewa, yana da gadon sana'a da shugabansa, amma bai taɓa cewa duk gari ya koma fawa ba, bai kuma ce wanda ba mahauci ba yana kan ɓata. Haka ƴan kokawa, da layunsu da kirarinsu da makaɗansu, waɗanda tun 1975 gwamnati da kanta ke shirya musu gasar ƙasa. Duba alaƙarsu da hukuma za ta taimake ka: Sarkin Fawa da Sarkin Maƙera da Sarkin Aski duk a fadar sarki ake naɗa su, wato gari ya san da su, su ma sun san da gari. Kishiyar al'ada kuwa tana magana da harshen gyara ko na ƙi. A Amurka ta shekarun 1960 matasan da ake kira hifi sun ƙi yaƙin Biyetnam, sun ƙi tseren tara dukiya, wasunsu sun bar gidajen iyayensu sun kafa zaman tarayya, suna cewa rayuwar da aka gina ƙasar a kanta ce ba daidai ba. Dogon gashinsu alama ce kawai, ƙin da ke bayansa shi ne abin aunawa.

Misali mafi kusa da mu shi ne Izala. An kafa ƙungiyar a Jos a 1978 ƙarƙashin Sheikh Isma'ila Idris, koyarwarta kuma ta shigo Maradi ta hanyar fatake da ɗalibai da kaset-kaset na wa'azi. Ba ina magana kan wanda ya fi gaskiya a addini ba ne, wannan fagen malamai ne. Ina duban yadda abin ya zauna a cikin gari. Mabiyanta na farko sun soki kashe dukiya mai yawa a biki da suna, sun daina durƙusa wa manya, sun ja da wasu ayyukan ɗariƙu, sun kuma tura matan aure makarantun Islamiyya. Kowanne daga cikin waɗannan ya taɓa wani abu da gari ke ɗauka tushe ne, shi ya sa aka sami gidajen da uba da ɗa suka daina bin liman ɗaya. Idan ka ga rukuni ya sa an fara gardama a kan me ake nufi da ladabi ko biyayya, to ka san kana gaban kishiya.

Kada ka haɗa wannan da laifi. Ɓarawo da ɗan sara-suka suna karya doka, amma abin da suke nema, kuɗi da a ji tsoronsu ko a girmama su, shi ne abin da kowa ke nema ta hanyar halal. Ba su zo da wata sabuwar fahimtar rayuwa ba, kuma ɓarawo ma ba ya son a yi masa sata.

Abu na ƙarshe, wanda ɗan Maradi ya fi kowa cancantar ganewa, shi ne ka sa wa hukuncinka kwanan wata. Jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Ɗagel kishiya ce ga tsarin sarautar Gobir, har Sarki Nafata ya hana maza naɗa rawani, ya hana mata lulluɓi, domin a lokacin rawani ya zama shaidar wanda ya bi Shehu. A 1804 aka yi hijira zuwa Gudu, yaƙi ya tashi, kuma cikin ƴan shekaru waɗanda ake kora suka zama masu mulki. Birnin Katsina ya faɗi wajen 1807, zuriyar sarakunanta suka yi arewa, daga baya Ɗan Kasawa ya kafa sarautar da har yau ake kira Katsinar Maradi, Gobirawa kuma suka zauna Tsibiri. Waɗanda jiya su ne uwar al'ada sai ga su suna riƙe da tsohon tsari a gefen sabuwar daula. Bori ma haka ya juya: a da yana da mazauni a cikin fadar sarki, ƙarƙashin mata masu sarauta, Iya a Maradi da Inna a Tsibiri, yau kuwa masu yinsa sun zama ƴan tsiraru da yawanci ke ɓoye kansu. Izala da aka yi wa kallon baƙuwa tana da manyan masallatai da makarantu, wasu abubuwan da ta fara an daina ma jin su baƙi.

Saboda haka idan kai ɗalibi ne a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da aka ba ka aikin bincike, ko uba ne da ɗansa ya shiga wata tawaga da ba ka gane ba, ka je wurinsu fiye da sau ɗaya, a lokuta daban-daban, har da ranar da suke da biki ko rasuwa. Ka tambaye su wa suke jin maganarsa, me suke fata nan da shekara goma, da kuma abin da za su canza a gari in an ba su iko. Ka tambayi tsofaffin unguwa yadda ake kallon rukunin shekara ashirin baya. Sannan ka rubuta amsoshin da kalmomin masu su, ka sa unguwa da shekara a saman takardar, ka ajiye ta inda za ka iya komawa gare ta idan ƙanensu sun gaji bencin.