Yadda Ake Gane Ko Ƙungiyar Wasa Za Ta Bar Garinta da Gaske a Rikicin Kuɗin Gina Fili

Mai kallon ƙwallo da ya saba da Kano Pillars, wadda gwamnatin jiha ke riƙe da ita, ko da ƙungiyoyin Ingila da suka shekara ɗari a unguwa ɗaya, zai yi mamaki idan ya ji cewa a Amurka ƙungiya sukutum takan tattara komatsanta ta koma wani gari mai nisan kilomita dubbai, ta sake suna da launin riga. Dalilin shi ne manyan gasannin ƙasar, irin su NBA ta ƙwallon kwando, a rufe suke: babu faɗawa ƙaramin rukuni, babu hawowa daga ƙasa, kuma kowace ƙungiya dukiyar attajirai ce. Garuruwan da ke kwaɗayin ƙungiya sun fi ƙungiyoyin yawa, shi ya sa mai ƙungiya yake iya ce wa hukumar gari ta gina masa sabon fili da kuɗin haraji, in ba haka ba ya kama gabansa. Yawancin irin wannan barazana ciniki ne kawai, amma wata takan tabbata, kuma abin da ya sami ƙungiyar NBA ta Seattle SuperSonics (Sonics a taƙaice) tsakanin 2006 da 2008 ya isa ya koya wa mutum yadda zai bambance su.

Ka fara da neman yarjejeniyar hayar filin, ka ajiye jawaban manema labarai a gefe. Sau da yawa filin mallakar gari ne, ƙungiya haya take yi, don haka abin tambaya shi ne yaushe hayar za ta ƙare, kuma ko ta wajabta wa ƙungiyar buga wasanninta a wurin ko kuwa biyan kuɗi kawai ta ɗora mata. Hayar Sonics a KeyArena, filin da aka yi wa gagarumin gyara aka sake buɗe shi a 1995, sai a 2010 za ta ƙare, kuma da wannan takarda ce birnin Seattle ya kai masu ƙungiyar kotu yana neman a tilasta musu zama har wa'adin ya cika. Idan ka ga saura shekara biyu ko uku haya ta ƙare kuma ba a fara maganar sabuntawa ba, to lamarin ya wuce wasa.

Daga nan ka duba wanda ya mallaki ƙungiyar da inda zuciyarsa take. A 2006 rukunin Howard Schultz, shugaban kamfanin Starbucks a lokacin, ya sayar da Sonics tare da ƙungiyar mata ta Storm a kan dala miliyan 350 ga wasu 'yan kasuwar Oklahoma City ƙarƙashin jagorancin Clay Bennett. Sababbin masu ƙungiyar sun yi alkawarin yin ƙoƙari da zuciya ɗaya wajen samun fili a yankin Seattle, amma a 2007 ɗaya daga cikinsu, Aubrey McClendon, ya faɗa wa wata jaridar garinsu cewa ba su sayi ƙungiyar don su bar ta a Seattle ba, har NBA ta ci shi tarar dala 250,000. Saƙonnin imel da suka fito a lokacin shari'a sun ƙara nuna cewa maganar ƙaura ta daɗe a tsakaninsu. A ganina, duk wanda ya lura da garin da masu sayen suka fito tun ranar cinikin bai buƙaci jiran waɗannan saƙonni ba.

Barazana ba ta da haƙori sai akwai wurin zuwa, saboda haka ka binciki garin da ake ambata. Shin yana da filin da za a iya fara wasa a cikinsa a kakar da ke tafe? A lokacin Oklahoma City tana da filin Ford Center, kuma ta riga ta gwada kanta lokacin da ta karɓi baƙuncin New Orleans Hornets na kaka biyu bayan guguwar Katrina ta 2005, inda jama'a suka yi ta cika filin. A watan Maris na 2008 masu zaɓe a garin suka amince da harajin santi ɗaya a kan kowace dala ta sayayya domin gyara filin. Garin da ya kai ga wannan mataki ba sunansa kawai ake ara don tsoratar da wani ba.

Inda ya kamata ka fi daɗewa shi ne lissafin kuɗin, domin a nan ake yawan rufe wa jama'a ido. Kada ka tsaya ga jimillar da aka sanar. Ka raba ta gida-gida. Nawa mai ƙungiya zai fitar daga aljihunsa, nawa gari zai ciyo bashi, kuma da wane haraji za a biya bashin? Akwai bambanci tsakanin harajin otal da hayar mota, wanda baƙi suka fi biya, da harajin sayayya, wanda ke hawa kan duk mai sayen takalmi ko tukunya ko da bai taɓa taka filin ba. Ka tambayi wanda zai ɗauki ƙarin kuɗi idan ginin ya zarce kasafi, da wanda zai riƙa gyara rufi da na'urorin sanyaya wuri bayan shekara goma sha biyar. Sannan ka bi sawun kuɗin shiga: ɗakunan alfarma da kamfanoni ke kamawa, kuɗin ajiye mota, ribar abinci, da kuɗin da kamfani ke biya a liƙa sunansa a jikin ginin. Idan gari ne ke bin bashi amma ƙungiya ce ke kwashe waɗannan, ka san wanda aka bar wa ƙashi. Za ka kuma ji ana alkawarin dubban ayyuka da bunƙasar kasuwanci. Masana tattalin arziki da suka yi nazarin wannan tun shekarun 1990 galibinsu sun gano cewa kuɗin da iyali suka kashe a filin wasa kuɗi ne da dā za su kashe a gidan abinci ko sinima a garin, don haka ƙaruwar ba ta kai yadda ake kururutawa ba.

Sai ka gano masu yanke hukunci, domin ba mutum ɗaya ba ne. A Seattle masu zaɓe sun zartar da wata doka a Nuwamban 2006 da ta hana birnin zuba kuɗi a filin ƙwararrun 'yan wasa sai da tabbacin riba, kuma majalisar dokokin jihar Washington ta ƙi ba da kuɗin filin kusan dala miliyan 500 da Bennett ya nema a Renton, wani gari kusa da Seattle. Bayan su akwai sauran masu ƙungiyoyi, waɗanda sai sun amince kafin a motsa. A Afrilun 2008 suka kaɗa ƙuri'a 28 da 2 suka yarda da ƙaurar, Mark Cuban na Dallas da Paul Allen na Portland ne kaɗai suka ƙi. Wannan majalisa ta masu ƙungiyoyi dai ita ce a Mayun 2013 ta hana Sacramento Kings komawa Seattle da ƙuri'a 22 da 8, bayan magajin garin Sacramento na lokacin Kevin Johnson, tsohon ɗan wasan NBA, ya haɗa masu saye na cikin gida da shirin sabon fili da gari zai saka wa kuɗi. Ka lura cewa a duka biyun, garin da ya zo da kuɗin fili a hannu shi ya yi nasara.

Idan sulhu ya zo, ka karanta sharuɗɗansa har ƙasa. A ranar 2 ga Yulin 2008, sa'o'i kaɗan kafin alƙali ta yanke hukunci, Seattle ta karɓi dala miliyan 45 ta saki ƙungiyar, suna da launuka kuma suka zauna a garin. An yi maganar ƙarin dala miliyan 30, amma da sharaɗin majalisar jiha ta amince da kuɗin gyaran KeyArena kafin ƙarshen 2009, abin da bai faru ba, don haka kuɗin bai fito ba. Ƙungiyar da aka kafa a 1967, ta ci kofi a 1979, ta tafi da matashin ɗan wasanta Kevin Durant ta zama Oklahoma City Thunder.

Kada ka rufe fayil ɗinka bayan ƙaura, domin sabuwar haya ma tana da ranar ƙarewa. A Disambar 2023 mazauna Oklahoma City suka sake komawa rumfar zaɓe, aka shaida musu cewa zaman Thunder ya dogara ga sabon fili, suka amince da harajin santi ɗaya domin ginin da zai ci aƙalla dala miliyan 900, wanda masu ƙungiyar za su saka miliyan 50 a ciki, a madadin alkawarin zama na shekara 25.