Yadda nake kai iyalina gida Sallah daga Zariya ba tare da cin bashi ba

Ni malamin makaranta ne a Tudun Wadan Zariya, amma iyayena suna Gusau, kuma duk Babbar Sallah sai na kwashi maiɗakina da yara huɗu mun je mun gaishe su. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 tafiyar nan ta zama abin da sai an zauna an yi mata lissafi. Abin da na gano shi ne, ranar da ka zaɓa ka fita ita ce ke yanke maka kuɗin mota, ciniki a tasha ba ya rage komai sosai.

Kada ka bari sai jajibere. Duk wanda ya taɓa zuwa tashar motar Kwangila a Zariya ranar 8 ko 9 ga Zulhijja ya san yadda ake: fasinja sun fi motoci yawa, ɗan kamasho ya faɗi kuɗi, ka ce a rage, kafin ka rufe baki wani ya miƙa nasa. Direban ma yana da hujja, domin zai kai ku ne ya juyo kusan babu kowa a motar, to kuɗin man dawowarsa a kanku yake. Ni ina tura Maman yara da yaran tun saura kwana biyar ko shida, ni kuma in biyo su ni kaɗai idan aiki ya sake ni. Kujera ɗaya mai tsada ta fi sauƙi a kan shida. Haka wajen dawowa, kada ka taso ranar da hutun gwamnati ya ƙare, lokacin ne ma'aikata da ɗaliban jami'ar Ahmadu Bello suke tururuwar komowa. Ƙara kwana biyu idan da hali.

Kaya kuwa, nan ne yawancinmu muke zubar da kuɗi ba mu sani ba. Wata shekara na sayi rago a nan na ce sai na kai wa Baba da hannuna. Kuɗin da aka caje ni na ragon ya kusa kai na mutum guda, ga wahalar da dabbar ta sha a but, ta isa ko tsayuwa ba ta iya yi. Daga ranar na daina. Yanzu ƙanena nake tura wa kuɗi tun farkon Zulƙida, ya saya a can ya ɗaure a gida. Tsaraba ma ba na jira sai ranar tafiya. Atamfar Inna da sabulu da ɗan turaren Baba, ina sayensu ɗaya bayan ɗaya a kasuwar Sabon Gari tun kafin hada-hadar Sallah ta taso. Kayan sawa jaka biyu suka ishe mu, kuma kafin a ɗaura su nake tambaya, "Direba, nawa ne kuɗin kaya?" Idan ka bari aka riga aka ɗaure, bakinka ya mutu.

Idan kuna da yawa, ku nemi maƙwabta masu bin hanya ɗaya ku yi shatar mota. Mu da wani abokin aikina ɗan Funtuwa mun taɓa haɗa Sharon guda, ta zo ƙofar gida ta ɗauke mu, muka huta da kuɗin Keke Napep zuwa tasha da jiran lodi.

Abinci daga gida: dambu ko gurasa a kula, ruwa a gora. Yara huɗu a tsayawar Funtuwa suna iya cinye kuɗin kujera guda a tsire da lemo. Tsabar kuɗi kuma ka cire tun da wuri, masu POS suna ƙara caji a ƙurarren lokaci. Kuɗin dawowa ina sa su a ambulan in ba Maman yara ta ajiye, domin idan suna aljihuna barka da Sallah za ta cinye su. Duk wannan daga adashin naira 3,000 a mako da muke zubawa a makaranta yake fitowa, ni kuma na roƙi a riƙa ba ni kwasar Shawwal.

Akwai arahar da ba na so, kuma ina roƙon kowa ya guje ta. Motar bakin titi ta fi ta tasha sauƙi, amma ba wanda ya rubuta sunanka, ba wanda ya san direban. Ta yamma ma wani lokaci tana sauƙi, sai dai hanyar Funtuwa zuwa Tsafe ba ta shigar dare ba ce a halin tsaron da ake ciki. Idan tare za mu tafi, muna idar da sallar asuba muke fita, mu shiga motar farko a cikin tasha, in rubuta sunayenmu da lambar ƙanena a takardar fasinja, kafin azahar muna tsakar gidan Inna.