Yadda ake auna lulluɓin baƙin abu na galaksi daga saurin juyawarta

Wannan aiki ba ya buƙatar na'urar hangen nesa. Ƙaramar kwamfuta mai Python (harshen rubuta manhaja) ta wadatar, domin kundin SPARC da aka fitar a 2016 ya ƙunshi bayanan saurin juyawar galaksi (tarin taurari masu ɗimbin yawa) guda 175, kuma kyauta ne. A sauke shi gaba ɗaya tun da wuri, tun da a nan Yamai ba a dogara da wuta ko intanet a watannin zafi.

A fara da galaksin NGC 3198, wadda saurin juyawarta ke tsayawa wajen kilomita 150 a daƙiƙa har can gefe inda hasken taurari ya dusashe. Abubuwa uku ne ke samar da saurin ta hanyar jan da nauyinsu ke yi: iskar haidirojin, faifan taurari, da lulluɓin baƙin abu da ido ba ya gani. Kowane sauri sai an ninka shi da kansa kafin a tara su. A cikin jadawalin kundin, ginshiƙin saurin iskar yakan zo da alamar ragi a kusa da tsakiya, kuma dole ne a kiyaye alamar bayan ninkawa.

Inda na ga ɗalibai suna faɗuwa shi ne ƙimar nauyin taurari bisa haskensu. Sukan bar ta ba a ɗaure ba, kwamfuta ta zaɓi abin da ta ga dama, layi ya ratsa ɗigogin bayanai tsaf, su ɗauka an gama. Ai faifai mai nauyi da lulluɓi sakayau suna ba da kusan zane ɗaya da faifai sakayau da lulluɓi mai cunkoso, kamar wanda aka gaya wa jimillar nauyin buhu biyu aka ce ya faɗi na kowanne. A gwada 0.3, a sake gwada 0.7, a ga yadda cunkoson lulluɓin ke tsalle alhali zanen bai motsa sosai ba. Ni ban yarda da sakamakon da bai ɗaure wannan ƙima kusa da 0.5 ba, wadda ita ce ta dace da haske mai tsawon zango maikiron 3.6 na na'urar hangen nesa ta Spitzer da kundin ya dogara a kai.

Daga nan sai a ɗora siffar NFW ta Navarro, Frenk da White ta 1996, wato lissafin yadda cunkoson lulluɓin ke raguwa daga tsakiya zuwa gefe, a bar emcee, wani shirin Python, ya lalubo nauyin lulluɓin da cunkosonsa. Ga ƙananan galaksi masu lallausar tsakiya, wato waɗanda cunkoson lulluɓinsu ba ya hauhawa a tsakiya, siffar Burkert ta 1995 ta fi zama daidai. A ajiye sakamako cikin fayil bayan kowane zagaye, kada ɗaukewar wuta ta cinye aikin dare.