Yadda Ake Nazarin Ƙawanyar da Aka Yi wa Birnin Ƙudus a Littattafan Addini

Kuskuren da ya fi yawa wajen masu karanta labarin rushewar Ƙudus, wadda Littafi Mai Tsarki ke kira Urushalima, shi ne zuba yaƙe-yaƙe huɗu a tukunya ɗaya. Sai ka ji an ɗauko ayar da ke magana kan Assuriyawa an ɗora wa Babilawa, ko an ɗauki kukan Irmiya an liƙa wa zamanin Rumawa, alhali tsakaninsu shekara fiye da 650 ne. Kowace ƙawanya da nata darasin, kuma wani lokaci darasin wannan kishiyar na waccan ne.

Fara da takarda. Ja layi huɗu, ka rubuta 701, 597, 587 ko 586 (duka kafin Miladiyya), sai 70 Miladiyya. Gaban kowace shekara ka bar gida uku: abin da nassi ya ce ya faru, abin da shaidar waje ta ce, da ma'anar da nassin ya ba abin. Kada ka bari gida na uku ya malala cikin na farko. "An ƙone Haikali" labari ne, "saboda zunubin jama'a" kuwa fassarar annabawa ce, kuma mai nazari yana bukatar ganin kowanne a mazauninsa.

Ƙawanyar 701 ita ce ta Sennakerib sarkin Assuriya a zamanin Hezekiya sarkin Yahuda. Karanta 2 Sarakuna 18 da 19, sannan Ishaya 36 da 37, sannan 2 Tarihi 32, a wannan jerin. Dalilin jerin shi ne 2 Sarakuna 18:14-16 kaɗai ya faɗi cewa Hezekiya ya biya gandu, talanti (wani babban ma'aunin nauyi) 300 na azurfa da 30 na zinariya, har ya ɓamɓare zinariyar ƙofofin Haikali. Wanda ya fara da Ishaya ba zai san da wannan ba, sai ya ɗauka an tsira ba tare da ko kwarzane ba. A gidan shaidar waje ka sa rubutun Sennakerib kansa: ya ce ya ci garuruwa 46 masu ganuwa, ya kulle Hezekiya kamar tsuntsu a keji, ya karɓi talanti 30 na zinariya da 800 na azurfa. Zinariya ta zo daidai, azurfa ta saɓa. Abin lura shi ne sarkin da bai saba ɓoye nasara ba bai ce ya ci birnin ba. Abin da ya sa aka zana a bangon fadarsa a Nineba shi ne cin garin Lakish. Nassi ya ce mala'ikan Ubangiji ya kashe 185,000 a sansanin cikin dare ɗaya. Ramin ruwan da ya ɗauko ruwa daga maɓuɓɓugar Gihon zuwa tafkin Siluwam, mai tsawon mita kusan 533, yana nan har yau, kuma yawancin masana na haɗa shi da shirin Hezekiya da 2 Tarihi 32:30 ya ambata. Ma'anar da za ka rubuta a nan: Allah yana kāre birninsa idan sarki ya dogara gare shi, kuma wanda ya yi masa izgili ba ya wanyewa lafiya.

A nan ne aikin ke da daɗi, don wannan tsirar ce ta zama tarko ga jikoki. Bayan ƙarni guda mutanen birnin sun riƙe cewa tunda Haikali na cikinsa, babu mai iya taɓa shi. Kafin ka shiga labarin Babilawa, tsaya ka karanta Irmiya 7. Can annabin ya tsaya a ƙofar Haikali yana gargaɗin kada su ruɗu da maimaita "Haikalin Ubangiji" har sau uku, ya ce su je Shilo su ga abin da ya sami wurin ibadar farko. Sai ka haɗa da Irmiya 26, inda aka nemi kashe shi kan wannan maganar, dattawa suka cece shi da tunatar da jama'a cewa annabi Mika ya faɗi irinta tun zamanin Hezekiya. Wanda ya tsallake waɗannan surori biyu zai ga kamar Ishaya da Irmiya suna musu, ɗaya na cewa a dage, ɗaya na cewa a miƙa wuya. Halin da kowannensu ya tarar ne ya bambanta.

Nebukadnezzar sarkin Babila ya zo sau biyu, kuma a nan mutane ke yawan tuntuɓe. A 597 sarki Yehoyakin, wanda bai wuce wata uku a gadon sarauta ba, ya miƙa wuya. Ba a rushe komai ba. An kwashi dukiya da manyan gari da maƙera, aka naɗa Zadakiya. Tarihin Babilawa da aka rubuta a allon laka ya ba da ranar: 2 ga watan Adar, wadda ta yi daidai da 16 ga Maris 597. Ezekiyel na cikin waɗanda aka kwashe a wannan karon, shi ya sa duk abin da ya faɗa kan ƙawanya ta biyu daga Babila ya faɗe shi.

Ta biyun ta soma ran 10 ga wata na goma a shekara ta tara ta Zadakiya. An ɗan sassauta ta da rundunar Masar ta taso, sannan aka dawo. Yunwa ta ci garin, aka fasa ganuwa ran 9 ga wata na huɗu a shekara ta goma sha ɗaya. An kama Zadakiya a filayen Yariko, aka kai shi Ribla, aka yanka 'ya'yansa a gabansa, aka ƙwaƙule masa idanu. Bayan wata guda Nebuzaradan, shugaban dogaran Nebukadnezzar, ya ƙone Haikali.

Abubuwa uku za su ruɗa ka a lissafi. Na farko, watannin daga Nisan ake ƙirga su, wajen Maris zuwa Afrilu, saboda haka "wata na biyar" Yuli ko Agusta ne, ba Mayu ba. Na biyu, 2 Sarakuna 24:12 ya sa kwashewar farko a shekara ta takwas ta Nebukadnezzar, Irmiya 52:28 ya ce ta bakwai; haka ma 19 da 18 a karo na biyu. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne Babilawa ba sa ƙirga guntuwar shekarar da sarki ya hau gado, wasu marubutan kuwa suna ƙirgawa. Allon Babilawan da ya iso gare mu ya yanke kafin wannan yaƙin, shi ya sa har yau ake cewa 587 ko 586. Rubuta duka biyun, kada ka ɓata dare a kai. Na uku, adadin waɗanda aka kwashe: 10,000 a 2 Sarakuna 24:14, 3,023 a Irmiya 52:28. Kada ka tara su, kada kuma ka share ɗaya.

Don cike gidan ma'ana, bi wannan hanya: Maimaitawar Shari'a 28:52-57, inda ƙawanya da yunwarta suke cikin la'anar karya alkawari, Ezekiyel 8 zuwa 11, inda ɗaukakar Ubangiji ta bar Haikali tun kafin wuta ta taɓa shi, sai Makoki, wanda ya kamata a karanta shi a zama ɗaya, sura biyar ne kacal. Kada ka rufe ba tare da Irmiya 32 ba. Ana tsakiyar ƙawanya, annabin yana tsare, ya sayi gona a Anatot kan shekel (ƙaramin ma'aunin nauyi) 17 na azurfa, ya sa aka adana takardar a tukunyar ƙasa, alamar za a dawo. Mai wa'azin da ya tsaya a hukunci kaɗai ya yanke labarin rabi.

Ta 70 Miladiyya ba ta cikin Tsohon Alkawari a matsayin labari. Yahudawa sun yi wa Rumawa tawaye a 66, Titus jagoran rundunar Rumawa ya kewaye birnin wajen Idin Ƙetarewa lokacin da yake cike da baƙi, aka ƙone Haikali na biyu a watan Ab. Babban mai ba da labarin shi ne Yusufus, Bayahude marubucin tarihi, wanda ya gani da idonsa amma daga sansanin Rumawa, a ƙarƙashin inuwarsu kuma ya yi rubutu. Ya ce mutum 1,100,000 suka mutu, aka kama 97,000. Masana tarihi na ganin adadin matattun ya yi yawa ainun. Ajiye Markus 13:14 kusa da Luka 21:20: inda Markus ya yi amfani da kalmar Daniyel ta abin ƙyama mai kawo kango, Luka ya ce rundunoni sun kewaye Urushalima. Hattara da surorin nan, domin maganar faɗuwar birni da ta ƙarshen duniya a saƙe suke, kuma yawan gardamar da ake yi daga rashin warware zaren take. A wurin Yahudawa rushewar biyu an haɗa su a azumi ɗaya, 9 ga Ab, ko da yake 2 Sarakuna ya ce ran 7 aka ƙone na farko, Irmiya ya ce ran 10.

Mai nazari daga Alƙur'ani zai je Suratul Isra'i, aya ta 4 zuwa ta 8, inda aka faɗi ɓarna sau biyu da bayin Allah masu tsananin ƙarfi da aka aiko. Riƙe wannan da kyau: ayoyin ba su ambaci sunan sarki ko shekara ba. Sunaye irin su Jaluta, Sanharib da Bukhtanassar daga tafsiri suke, malamai sun saɓa a kansu, Ibn Kasir ma ya ja kunne kan yawan Isra'iliyyat da aka cusa a wurin. Don haka a takardarka, lafazin aya ya shiga gidan nassi, sunan da mai tafsiri ya kawo kuwa ka rubuta shi a gefe tare da sunan malamin da ya faɗa. Haka za ka yi da aya ta 259 ta Baƙara kan mutumin da ya wuce ta wata alƙarya da ta zama kango: cewa Uzairu ne, alƙaryar kuma Baitul Muƙaddas ce, maganar masu tafsiri da yawa ce, ayar kanta ba ta kama suna ba.