Yadda za ku dawo da karatun dare irin na da a gidanku

Lokacin muna yara in an yi sallar isha'i an ci tuwo, sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida a kunna fitilar ƙwai, yayarmu ta ɗauko littafin da ta karɓo haya, kwana biyu kawai ake ba ta shi ya sa take karantawa da sauri har bakinta ya bushe, mu kuma muna zagaye da ita. Abin da ya fi daɗi shi ne lokacin da wani zai katse ta ya ce wallahi wannan mutumin Kawu ne sak, sai kowa ya fashe da dariya. Ana iya dawo da wannan, na gwada da yarana kuma ya yi.

Ku fara da littafin da mutanensa suke da hali ƙarara. Ni da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam na fara, wanda ya fito daga gasar rubutun da wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, ya shirya a Zariya a 1933, don kusan kowace unguwa akwai mai hali irin na Malam Zurƙe na cikin littafin, mai wayo da rigima wanda ba ya bari a ci shi. In yaran ƙanana ne, Magana Jari Ce ya fi, labari ɗaya dare ɗaya an gama.

Mutum ɗaya ne zai karanta da ƙarfi, kuma a tara wayoyi a ɗaki, har ta mai gida, in ba haka ba minti biyar kowa ya koma WhatsApp. Mai karatun ya riƙa canja murya, ta tsoho daban ta sarki daban.

To ga inda aikin yake. Duk inda halin wani ya fito fili ku dakata, ku tambaya wa kuka sani mai irin wannan halin? Amma ku kafa doka tun farko: in halin kirki ne, haƙuri ko kyauta ko jarumta, a faɗi suna kowa ya ji. In mugun hali ne ba a kama sunan kowa. Wannan na koye shi da wuya, don a gidanmu akwai daren da ake karanta wani littafin soyayya na zamanin 1990 mai labarin kishiyoyi, ƙanwata ta ce ai wannan matar maƙwabciyarmu ce, ashe tana bayan katanga tana ji, wata guda ba ta shigo gidanmu ko ɗiban wuta ba, sai da mahaifiyarmu ta je da kanta ta ba ta haƙuri.

In akwai kaka a gidan ku ja ta ciki, ku ce Kaka a zamaninku akwai mai irin wannan? Za ku ji labarin mutanen da suka rasu tun kafin a haife ku, wani lokacin ma a rufe littafin ita ta ci gaba.

Kar ku wuce rabin awa, kuma ku tsaya daidai inda labarin ya ɗauko daɗi, gobe yaran da kansu za su shimfiɗa tabarmar.