Shawara ga masu kai baƙi Tula da bazara

Jama'a, in za ku hau dutsen Tula da baƙi a wannan zafin, ku baro Gombe da asuba, ku ratsa Kaltungo kafin rana ta take. Saman dutsen akwai iska, amma hawan na bugar da mutum.

Kunun aya ku bar shi gida, ba ya jure zafi, kafin azahar ya yi tsami. Zoɓo da citta, sukari kaɗan, a cikin kula mai ƙanƙara ya fi. Abinci kuwa kwaɗon zogale da ƙuliƙuli, sai kankana, amma a yanka ta can.

Don Allah kowa ya riƙo gorarsa. Ledojin fiya wata da muke zubarwa awakin mutanen garin ke ci.