Mashaya a tsakiyar jami'a: abin da sabon ɗalibi a Birtaniya ya kamata ya sani

A Kano ko Zariya, mai neman giya sai ya nausa Sabon Gari, ya kuma waiga dama da hagu kafin ya shiga. A yawancin jami'o'in Birtaniya kuwa, mashaya a tsakiyar makaranta take, cikin ginin ƙungiyar ɗalibai, kusa da ofishin da za ka je neman shawara kan biza ko kuɗin haya. Ƙungiyar ce ke gudanar da ita, ɗalibai ne ma'aikatanta, ribar kuma asusun ƙungiya take komawa. A Jami'ar Leeds akwai Old Bar da Terrace duk a gini ɗaya. Saboda haka ko ba ka je nemanta ba, za ta biyo ka har inda kake. 'Yan ajinku za su sa taron aikin rukuni a can, wani lokacin ma malaminku ne zai ce a haɗu a can bayan an tashi daga lacca.

A wurinsu ba matattarar 'yan iska ba ce. Abin da teburin mai shayi yake a unguwa, shi ne mashaya a wurinsu: nan ake kallon ƙwallo, a yi gardamar siyasa, a ji wane malami ne mai maƙon maki, wane kamfani ke ɗaukar masu sanin makamar aiki. Ana kuma ware dare guda don gasar kacici-kacici, kowane tebur da takardarsa. Fahimtar hakan ba ta halatta komai ba, amma tana hana mutum yi wa wanda ya gayyace shi da zuciya ɗaya kallon shaiɗani.

Abin da nake gaya wa duk ƙanin da ya iso shi ne, ya yanke matsayinsa tun kafin makon sababbin ɗalibai, wanda a mafi yawan jami'o'i yake faɗowa cikin Satumba. Wasu ba sa taka ƙofar sam, hujjarsu kuma a fili take: akwai hadisin da Tirmizi ya ruwaito mai hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya. Wasu suna shiga da rana idan taron karatu ne, su sha lemo su fita kafin wuri ya rincaɓe. 'Yan'uwanmu Kiristoci masu jin Hausa ma da yawansu daga cocin da ba a shan giya suka fito. Ba fatawa nake bayarwa ba, wannan sai malamai. Abin da na lura da shi kawai, wanda ya fi shan wahala shi ne mai rawar ƙafa, yau ya ce magani yake sha, gobe ya ce mura ke damunsa. Duk uzurin da ka kawo, an fahimci ran da ya kau za ka sha ke nan. Ka faɗa sau ɗaya da fara'a cewa ba ka shan giya, ka wuce zuwa wata hira. Da wuya a sake tambayarka, don matasansu ma da dama sun rage sha in aka kwatanta da iyayensu. In kuma zama a wurin ne ba ka so, ka nemi a mayar da taron shagon kofi ko ɗakin karatu. Sau da yawa babu wanda ya damu da inda za a zauna, sabo ne kawai.

Ga wanda ya shiga, ga yadda abin yake. A bisa al'ada ba a zuwa teburinka a tambaye ka me kake so. Kai za ka je kanta ka tsaya, mai sayarwa yana lura da wanda ya riga wani ko da ba a ja layi ba, ka faɗi abin da kake so, ka biya nan take, yawanci da kati. Kada ka tafa hannu ko ka yi masa tsaki don ya waigo, za ka daɗe a tsaye. Ruwan famfo kyauta ne, a Ingila da Wales da Scotland doka ta wajabta wa masu lasisin sayar da giya su ba wanda ya nema. Shekarun sayen giya 18 ne, amma duk wanda fuskarsa ba ta kai ta ɗan 25 ba ana iya neman shaidarsa, kuma da daddare a bakin ƙofa ake nema, ko lemo ka zo sha. Maimakon yawo da fasfo a aljihu, ka yi katin shaida mai tambarin PASS.

Sai al'adar zagaye. In kun zauna ku biyar, ɗaya zai tashi ya saya wa kowa, in kofuna sun sauka na gaba ya tashi, har a zagayo kanka. Wanda ya karɓi na mutane ya sulale kafin layinsa ya zo, ba za a yi masa magana ba, amma an rubuta sunansa. Ga Musulmi tarkon a nan yake: ka karɓi lemo sau huɗu, ga shi yanzu kai za ka sayo wa mutane huɗu giya da kuɗinka. Mafita ita ce tun a zagayen farko ka yi godiya ka ce kai za ka riƙa sayen naka. Babu wanda zai ɗauke shi rowa.

A kula da abin da ke cikin kofi da faranti. Abin da suke kira cider ruwan tuffa ne da aka tsima, yana bugarwa, wani ma ya fi giyar sha'ir ƙarfi. Shandy giya ce gauraye da lemo. Lemon citta iri biyu ne, akwai mai sa maye. Kwalaben da aka rubuta babu barasa ma a duba lambar da ke jiki, wata 0.0 ce, wata 0.5. A ɓangaren abinci, kifin da ake soyawa cikin ƙullu sau da yawa da giya ake kwaɓa ƙullun, kuma sukan rubuta a takardar abinci. Gammon naman alade ne, black pudding kuma jini ne. Ruwan soda da aka ɗiga masa ruwan lemon tsami shi ne mafi arha a kusan kowace kanta, kuma in kofi na hannunka ba mai takura maka.

Sai dai ni a ganina mashayar cikin makaranta ita ce mai sauƙin cikinsu, tunda akwai masu gadi, akwai doka, ba a kuma yarda a ci gaba da sayar wa wanda ya bugu ba. Inda sabon zuwa ya fi shan mamaki shi ne kicin ɗin hostel. Saboda tsadar giya a waje, ɗalibai kan sayo ta a kanti su fara sha a gida tun wajen ƙarfe tara kafin su fita. Za ka fito ɗumama miyarka ka tarar da mutum goma kewaye da tebur, an shimfiɗa karta a kife an zagaye wani babban kofi da ita, kowace kati da hukuncinta: wannan ta ce ka sha, waccan ta ce ka zuba kaɗan daga naka cikin kofin tsakiya, wanda ya zari sarki na huɗu shi zai shanye gaurayen. Ka gaishe su, ka yi abin da ya kawo ka. Washegari da rana, ba cikin daren ba, ku yi maganar hayaniya da wanke-wanke. Wasu jami'o'i suna da ɗakunan da ba a shan giya a cikinsu ko na masu son shiru, amma sai an nema tun lokacin cike fom ɗin masauki.

Ranar Laraba ta musamman ce. Da yammacinta ake buga gasar wasanni tsakanin jami'o'i, shi ya sa wurare da yawa ba sa sa darasi a lokacin, da dare kuma kowane kulob ya fita shagali cikin shigar ban dariya. Kada wannan ya hana ka shiga kulob ɗin ƙwallo in kana da ƙafa. Abin gudu shi ne bikin shigar da sababbi, inda ake tilasta wa 'yan shekarar farko shan abin da ya fi ƙarfinsu. A Disamban 2016 wani ɗalibi mai shekara 20 a Jami'ar Newcastle ya rasu bayan irin wannan dare na wata ƙungiyar ɗalibai, kuma a 2019 ƙungiyar jami'o'in Birtaniya ta fitar da ƙa'idoji a kan lamarin. Jami'o'i da dama sun haramta shi. In an ce sai ka sha kafin a sa ka a tim, ka kai ƙara ofishin ƙungiyar ɗalibai, kai ke da gaskiya.

Kowane gari da nasa salon. A Leeds akwai Otley Run, inda ake takawa daga Headingley zuwa cikin gari ana tsayawa a mashayu fiye da goma, wani cikin kayan likita, wani ya zama ayaba. In a unguwar kake haya, ranar Asabar ka yi cefanenka da safe. A Oxford da Cambridge da Durham kuwa, a wurin cin abincin kwaleji, akan faki idon mutum a jefa masa kwabo a kofi, sai a ce dole ya shanye don ya ceto sarkin da ke jikin kuɗin kada ya nutse.

Ke kuma 'yar'uwa, ko lemo kike sha, kada ki bar kofinki ki tafi ki dawo masa, don ana samun masu jefa ƙwaya. In wani ya matsa miki, wurare da yawa suna da tsarin da za ki je kanta ki ce kina neman Angela, ma'aikata su gane, su fitar da ke lafiya.

Tunda kai ne mai cikakken hankali a gidan, wata rana kai za ka tsinci maƙwabcinka a yashe a bakin ƙofa. Kada ka kwantar da shi rigingine, amai na iya shaƙe shi. Juya shi gefe ɗaya, ka lanƙwasa gwiwarsa ta sama, ka ɗan ɗaga haɓarsa, ka lulluɓe shi. Kada ka ɗura masa gahawa ko ka watsa masa ruwan sanyi. In ba ya farkawa, ko numfashinsa na sarƙewa, ka kira 999 ka kuma sanar da masu gadin hostel, ka zauna da shi har su iso.

Maganar aiki ma ta shafi nan. Bizar mai karatun digiri ta yarda da awa 20 a mako lokacin zango, kuma cikin ayyukan da ake samu a makaranta akwai na bayan kantar mashaya. Ga wanda ba ya son kuɗin zuba giya, ƙungiyar ɗalibai ɗin nan dai tana ɗaukar mutane a kantinta da shagon kofi, jami'a kuma tana biyan ɗalibai masu zagayawa da baƙi ranar buɗe ƙofa. A kasuwar kulob-kulob ta makon farko, inda kowace ƙungiya ke kafa teburinta, ka nemi teburin ƙungiyar ɗalibai Musulmi da na 'yan Najeriya, ka ba da lambarka a sa ka a zauren WhatsApp. A can ake fara jin labarin irin waɗannan guraben, tare da inda ake sallar Juma'a da mahaucin da ke sayar da naman halal.